Ko Almara Ƙarya Ce?

A shekarar 1916 wani yaro ɗan shekara 17, haifaffen Belfast, da aka kai zaman karatu wani ƙauye a kudancin Ingila, ya yi abu biyu da ba sa shan inuwa ɗaya. Ya rubuta wa amininsa Arthur Greeves wasiƙa cewa shi fa ya raba gari da addini: addinai duka almara ce da ɗan Adam ya ƙaga saboda tsoron tsawa da annoba da macizai, bai kuma cire Kiristancin da aka rene shi a ciki ba. A wannan shekarar dai, yana jiran jirgi a tashar Leatherhead, ya sayi wani ɗan littafi a rumfar mai sayar da jaridu. Sunan littafin Phantastes, ƙagaggen labari ne da wani mai wa'azi ɗan Sikotlan, George MacDonald, ya wallafa tun 1858. Labarin saurayi ne da ya farka da safe ya tarar ruwan kwanon wanke fuskarsa ya zama rafi, shimfiɗar ɗakinsa ta zama ciyawa, ya bi rafin har ya faɗa ƙasar aljanu. Babu huɗuba a ciki. Amma yaron ya ji wani abu mai tsarki ya taɓa shi, abin da a lokacin ba shi da sunan da zai kira shi. Bayan ya manyanta ya ce a daren nan aka yi wa idon zucinsa baftisma, sauran sassansa kuwa sai da suka ɗauki lokaci kafin su biyo baya. Jiran ya kai shekara 15. Yaron shi ne C. S. Lewis, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin marubutan Kirista da aka fi karantawa a ƙarni na 20.

Malamin da yake zaune a gidansa, William Kirkpatrick, tsohon shugaban makaranta ne da ya ajiye addini ya riƙe hujja da hannu biyu. Ranar da suka fara haɗuwa, suna tafe daga tasha, yaron ya ce, don dai kada a yi shiru, yankin nan ya fi yadda ya zata kama da daji. Dattijon ya tsaya cak. Me kake nufi da daji? Wace taswira ka duba, wane littafi ka karanta, da har ka zo da zato game da wurin? Da yaron ya rasa ta cewa, malam ya nuna masa cewa ba shi da hurumin riƙe ra'ayi a kan abin da bai sani ba. Lewis ya ƙaunaci mutumin nan har ƙarshen ransa, a wurinsa ya koyi cewa ba a sakin kalma sai an shirya kare ta. Kirkpatrick kuma masoyin James Frazer ne, mai littafin The Golden Bough, wanda ya fara fitowa a 1890 ya yi ta kumbura har ya kai juzu'i 12. Frazer ya tattaro labaran allolin da suke mutuwa su dawo, irin su Osiris na Masar da Adonis da Balder na mutanen arewacin Turai, ya ɗaure su da rayuwar hatsi, wanda ake binnewa ya ruɓe sannan ya tsiro. Masu karatu da yawa suka kammala cewa labarin Yesu wani ne kawai a cikin jerin.

Haka Lewis ya shiga samartaka a rabe. Shi da bakinsa ya ce kusan duk abin da yake ƙauna ya ɗauke shi ƙage, kusan duk abin da ya yarda gaskiya ne kuwa ya same shi busasshe, ba daɗi ba ma'ana. Ya je yaƙi a Faransa, aka raunata shi a 1918, ya dawo Oxford ya gama karatu, a 1925 ya sami kujerar koyarwa a Kwalejin Magdalen, rabuwar tana nan yadda take.

Wanda ya fara girgiza ta abokinsa ne Owen Barfield, kuma ta ƙofar harshe ya shigo. A wancan zamani ra'ayin da ke tashe shi ne na Max Müller, Bajamushen nan masanin harsuna da ya yi rayuwarsa a Oxford: wai mutanen farko suna magana ne a kan abin da ido ke gani da hannu ke taɓawa, daga baya mawaƙa suka ari waɗannan kalmomi suka yi wa abin da ba a gani ado da su, jama'a suka manta aro ne, sai almara ta haifu. Shi ya sa Müller ya ɗauki almara a matsayin ciwon da ya kama harshe. Barfield, a littafinsa Poetic Diction na 1928, ya ce tarihin kalmomi bai nuna haka ba. Ya ɗauko kalmar Girkanci pneuma, wadda mai fassara a yau dole ya zaɓa mata ɗaya cikin uku, iska ko numfashi ko ruhu. A babi na 3 na Bisharar Yohanna, inda Yesu yake magana da Nikodimu da dare, kalmar nan guda ce take ɗauke da iskar da ke busawa da kuma Ruhu, a aya ɗaya. Barfield ya ce mutumin dā ba ara ya yi ba. Ma'ana guda ce dunƙulalliya a wurinsa, mu ne muka zo daga baya muka yanka ta gida uku, muka kira kashi ɗaya zahiri, sauran kuma ado. Bahaushe ba zai sha wuyar gane wannan ba, tunda a bakinsa abin da ke kaɗa ganye da abin da ake cewa ya hau kan mutum suna ɗaya suke amsawa.

Idan Barfield ya yi daidai, to babu wani tsiraran harshe da ke kwance a ƙarƙashin harshen ado, wanda mai hankali zai koma gare shi ya huta da hotuna. Lewis ya riƙe wannan darasi, ya yi ta amfani da shi bayan ya tuba. Mutum ya ce shi ya waye, ba ya yarda da Allah mai kursiyi a sama, ya fi yarda da wani babban ƙarfi na ruhu. Lewis ya ce to ai hoton sarki ka ajiye ka ɗauki hoton guguwa da igiyar ruwa da wutar lantarki, ba ka fita daga hotuna ba, mafi talauci ka zaɓa. Ya ba da labarin wata yarinya da iyayenta masu zurfin tunani suka koya mata cewa Allah wani cikakken sinadari ne. Da ta girma ta binciki zuciyarta, sai ta tarar duk tsawon shekarun nan abin da take gani shi ne wani makeken kwano na kunun rogo mai kauri, ga shi kuma ba ta son kunun rogo.

Na biyun da ya shigo rayuwarsa ya fi Barfield nutsewa cikin kalmomi. J. R. R. Tolkien, haifaffen Bloemfontein a Afirka ta Kudu a 1892, maraya ne da wani Fada na Katolika ya riƙe bayan rasuwar mahaifiyarsa a 1904. Tun yana yaro sunayen Welsh da ke rubuce a jikin taragun gawayi suke ɗauke masa hankali. Yana ɗalibi ya tsinci littafin nahawun harshen Finlan a ɗakin karatu, ya kusa barin karatun da ya kawo shi. Bayan yaƙi ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford, aka ba shi kalmomin harafin W yana bin asalinsu ɗaya bayan ɗaya. A ɓoye kuma yana ƙirƙirar harsuna nasa, da nahawunsu da sauye-sauyen sautinsu, har ya gane cewa harshe ba ya rayuwa sai da mutanen da za su yi magana da shi da labaran da za su ba juna. Ya sha faɗa cewa harsunan ne suka riga, labaran an yi su ne don harsunan su sami gida. Sun haɗu da Lewis a wani taron malamai a watan Mayu na 1926, abota ta ƙullu a kan karatun tsofaffin hikayoyin Aisilan.

Ranar Asabar, 19 ga Satumba, 1931, Lewis ya gayyaci Tolkien da wani abokinsu, Hugo Dyson, malami a Jami'ar Reading, cin abincin dare a Magdalen. Bayan an ci, suka fita zagaya wata siririyar hanya mai itatuwa da ke bin gefen kogin Cherwell, wadda ake kira da sunan Addison. A lokacin Lewis ya riga ya yarda akwai Allah, hujjojin falsafa sun kai shi nan ba da son ransa ba. Inda ya cije shi ne gicciye. Ya gane yadda halin mutumin kirki zai zama abin koyi. Abin da ya kasa ganewa shi ne yadda mutuwar wani, shekara kusan dubu biyu da suka wuce, za ta amfani mai rai a yau. Kalmomin da coci ke amfani da su, hadaya da fansa da jinin Ɗan Rago, ya ji su ko dai wauta ko abin ƙyama. Almara kuwa, in ji shi, komai kyanta ƙarya ce, sai dai ƙarya ce da aka yi wa ado da azurfa.

Tolkien ya ce a'a, ba ƙarya ba ce. Ya nuna itatuwan da ke kansu. Kana kiran wannan itace, kana kiran wancan tauraro, kana jin ka faɗi zahirin abu ka gama. Amma ai wani ne ya fara raɗa musu sunan, kuma wanda ya raɗa bai ga tarin katako ko dunƙulen wuta kawai ba, ya ga abu mai rai da ma'ana. Sanya suna ƙirƙira ce game da abubuwa, almara kuma ƙirƙira ce game da gaskiya. Tunda daga Allah muka fito, kuma Littafin Farawa ya ce cikin kamannin Mahalicci aka yi mu, to dole mu ma mu riƙa ƙagawa, kuma abin da muka ƙaga, duk da kurakuran da ke cikinsa, ba zai rasa ɓarɓashin hasken asali ba. Suna cikin haka wata iska ta taso ba zato a daren da yake tsit, ganye ya yi ta zuba har suka ɗauka ruwa ne. Lewis ya ambaci wannan a wasiƙarsa ga Greeves kwana kaɗan bayan haka. Tolkien bai tafi gida ba sai ƙarfe 3 na dare, Lewis da Dyson suka ci gaba har ƙarfe 4.

Abin da ya fi kama Lewis a daren ba wata sabuwar hujja ba ce. Abokan nasa sun nuna masa wani hali nasa ne da bai lura da shi ba. Idan ya tarar da allahn da ya ba da kansa hadaya a labarin Balder ko Adonis, jikinsa yakan yi sanyi, ya ji an faɗi wani abu mai zurfi, ko da ba zai iya zayyana shi dalla-dalla ba, kuma bai taɓa neman a zayyana masa ba. Sai in ya tarar da shi a cikin Bishara ne yake tsayawa kai da fata sai an ba shi bayani irin na Kirkpatrick kafin ya bari abin ya taɓa shi. Suka ce masa ya karɓi labarin Almasihu yadda yake karɓar sauran, da bambanci guda: wannan ya faru. A wasiƙarsa ga Greeves ta 18 ga Oktoba ya ƙara wani abu da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar duka. Ya ce rukunan koyarwa da malaman tauhidi suke fitarwa gaskiya ne, amma fassara ce. Allah ya riga ya yi maganar da harshen da ya fi namu cika, wato haihuwa da mutuwa da tashi na mutum mai jini da tsoka, mu kuma muna juya ta zuwa ƙananan kalmominmu. Kafin watan Satumba ya ƙare, wansa Warren ya ɗauke shi a akwatin gefen babur zuwa gidan namun daji na Whipsnade. Ya ce da suka tashi bai gaskata Yesu Ɗan Allah ne ba, da suka isa ya gaskata, kuma ba wani dogon tunani ya yi a hanya ba.

Mai karatu Musulmi ba zai bi Lewis zuwa inda ya sauka ba, tunda a kan gicciye da ɗiyanci hanyoyin addinan biyu suka rabu. Amma tambayar da aka kwana a kanta ta wuce shingen coci. Tsohuwar da ke ba jikoki tatsuniya takan rufe da cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya, wani lokaci ma ta ƙara da cewa dā ma ƙaryar ce ta shirga musu, a yi dariya a kwanta. Ba a taɓa jin wanda ya kira ta maƙaryaciya ba, kuma yaran sun tashi da sanin abin da haɗama ke jawowa fiye da yadda faɗa zai koya musu. Kowa ya san akwai maganar da ba ta faru ba amma ba ƙarya ba ce. Wahalar ita ce faɗin dalili.

Littafi Mai Tsarki kansa cike yake da irin wannan magana. Sarki Dawuda ya ɗauke matar Uriya, ya sa aka tura mijin bakin dāga aka kashe shi. Annabi Natan bai shigo fada da tuhuma ba. Ya kawo ƙara ce, ta wani matalauci mai 'yar tunkiya guda da ya rena kamar 'yarsa, tana ci daga abincinsa tana kwana a ƙirjinsa, sai maƙwabcinsa mai garke ya yi baƙo, ya ƙyale nasa ya kama ta matalaucin ya yanka. Dawuda ya fusata ya yanke wa mai garken hukunci, sannan Natan ya sanar da shi cewa kansa ya yanke wa. Babu tunkiya, babu baƙo. Amma da Natan ya zo da zahirin zance, da sarki ya sami ƙofar kare kansa, don mai laifi ya riga ya tanadi amsa ga tuhumar da yake jira. Labarin ya zagaya ta bayan gida ya iske lamirinsa ba shiri. Yesu ma da misalai ya yi yawancin koyarwarsa, kuma ba a taɓa jin mai hankali ya tafi hanyar Yariko neman masaukin da Basamariye ya kai wanda 'yan fashi suka sassara ba.

Duk da haka Kiristoci ba su taɓa sakin jiki da ƙagaggen labari gaba ɗaya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Agustin, mutumin Tagaste a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya tuna da kunya yadda yana ɗalibi ya yi ta kuka saboda mutuwar Dido a waƙar Virgil, alhali bai zubar da hawaye ko ɗigo a kan halin da ransa ke ciki ba. Ya gano wani abu na gaskiya: labari yana iya ba mutum daɗin tausayi ba tare da ya biya komai ba, ya fito yana jin kansa mutumin kirki. John Bunyan, mai gyaran tukwane da ya sha zaman kurkuku a Bedford saboda wa'azi ba izini, da ya zo buga The Pilgrim's Progress a 1678 sai da ya sa doguwar ba da haƙuri a gaba, don abokansa sun rabu biyu, wasu na cewa a buga, wasu na cewa abin Allah ba a wasa da shi. Da misalan annabawa da na Yesu ya kare kansa.

Akwai kuma wani rami da masu son labarin daren Oxford suke yawan faɗawa. Sukan ba da shi kamar Tolkien ya tabbatar da Kiristanci ne ta hanyar nuna kyansa. Bai yi haka ba, ba kuma zai iya ba. Tarin labaran da Frazer ya kalla ya ce ga shaida cewa duka ƙage ne, su ne Tolkien ya kalla ya ce ga mafarkan da 'yan Adam suka yi ta yi kafin gari ya waye. Labaran ba su raba gardamar ba. Kyan zance ba ya mai da shi gaskiya, in ba haka ba da 'yan damfara sun fi kowa gaskiya. Lewis ya san wannan sarai. A wata maƙala da ya buga a 1939 ya raba aikin gida biyu: hankali ne ke tantance gaskiya da ƙarya, idon zuci kuwa ma'ana yake samarwa, kuma sai magana ta yi ma'ana kafin a iya tambaya ko gaskiya ce. Abin da ya samu a daren nan ma'ana ce. Ko abin ya faru a zamanin Bilatus Babunti, a wani gari mai suna da shekara, wannan tambaya ce ta daban, kuma da wasu dalilai ya amsa ta, ciki har da hukuncinsa na masanin adabi cewa salon Bishara bai yi kama da na almarar da ya ƙare rayuwarsa yana karantawa ba.

Abin mamaki, mutanen biyu da suka daidaita a kan tushe sun saɓa a kan gini. Tolkien ya yi bayanin nasa ra'ayi a laccar da ya gabatar a Jami'ar St Andrews a watan Maris na 1939. Ya ce tun ranar da ɗan Adam ya iya raba sifa da abin da take siffantawa ya sami wani irin iko: ya cire kore daga ciyawa ya liƙa wa rana. Faɗin koriyar rana ba wuya, yaro ma zai iya. Aikin shi ne gina duniyar da koriyar rana za ta zauna a cikinta har mai karatu ya yarda, kuma wannan sai da haƙuri da taswira da kalanda da tarihin sarakuna. Shi ya sa The Lord of the Rings ya ci shi daga 1937 zuwa 1949, bai fito ba sai 1954 da 1955. Lewis kuwa ya zubo littattafan Narnia guda 7 tsakanin 1950 da 1956. Da ya karanta wa Tolkien babobin farko, Tolkien bai ɓoye ƙinsa ba. An kwaso halittun Girkawa da dabbobi masu magana da Baban Kirsimeti an zuba a tukunya ɗaya, ga kuma zaki Aslan da aka yanka a kan teburin dutse a madadin yaron da ya ci amanar 'yan uwansa, gari na wayewa ya tashi. Ko makaho ya shafa ya san da wa ake.

Shi Tolkien daddawa ya mai da imaninsa, ya narke a miya, ba a ganin ta amma in an cire kowa zai sani. A wasiƙar da ya rubuta wa wani abokinsa, Robert Murray, a ƙarshen 1953, ya ce The Lord of the Rings littafi ne na addini, na Katolika ma, kuma saboda haka ne ya tsame kusan duk wata alamar ibada daga cikinsa. Babu coci, babu limami. Sai wanda ya duba kalanda zai ga ayarin da ke ɗauke da mugun zoben da labarin ya ginu a kansa ya tashi ranar 25 ga Disamba, zoben kuma ya hallaka ranar 25 ga Maris, ranar da tsohuwar al'adar coci ta ɗauka ta albishirin Mala'ika Jibra'ilu ga Maryamu, kuma ta gicciye. Dubi yadda labarin ya ƙare. Frodo, jarumin labarin, ya ɗauki zoben ya ratsa yunwa da ƙishi da rauni har bakin ramin wutar da za a jefa shi, a nan ƙarfinsa ya ƙare, ya ce zoben nasa ne, ya zura a yatsa. Jarumin ya fāɗi. Wanda ya kammala aikin shi ne Gollum, ƙazamin mahaluƙin nan da aka sami damar kashewa sau da yawa aka ƙyale don tausayi. Ya gatse yatsan, ya yi ta rawar murna, santsi ya kwashe shi da zoben zuwa cikin wuta. Wani mai karatu ya rubuto wa Tolkien a fusace cewa Frodo maci amana ne, kisa ya cancanta. Tolkien ya ce a duba Addu'ar Ubangiji, wurin roƙon gafara da wurin roƙon tsari daga jarraba: akwai nauyin da ya fi ƙarfin kowa, kuma jinƙan da mutum ya yi a baya, wanda masu dabara suka kira wauta, shi ne ya cece shi. Ban san wata huɗuba a kan alherin Allah da ta kai wannan babi ba, ga shi ko sau ɗaya ba a ambaci kalmar ba.

A fagen gwaninta ina bayan Tolkien. Amma Lewis yana da amsa, kuma amsar ta taɓo wani ciwo da duk mai wa'azi ya sani. Ya ce shi bai zauna da jerin koyarwa yana neman rigar da zai sa musu ba. Da hoto abin ya fara, hoton wata halitta rabi mutum rabi akuya, riƙe da laima da ƙunshin kaya a dajin da ƙanƙara ta rufe, wanda ke kansa tun yana ɗan shekara 16. Zakin daga baya ya faɗo cikin labarin. Sannan ya tuna yarintarsa. Me ya sa yake da wuya yaron da ya tashi a coci ya ji wani abu game da wahalar Almasihu? Domin an gaya masa wajibi ne ya ji, kuma wajabci yana daskarar da zuciya. Kalmomi masu tsarki suna da wata lalura da sauran ba su da ita: ana maimaita su kowane mako, da murya ta musamman, a ɗaki na musamman, har su yi sulɓi, su wuce ta kunne ba su kama komai ba. Yaro ya ji fansa sau dubu kafin ya san mene ne bashi. Lewis ya ce bari a ɗauke labarin daga inda aka saba jin sa, a kai shi wata duniya, a canza masa suna da fuska, ko yaron zai ji shi karon farko kafin ya gane wanda ya riga ya sani ne. Yaran da suka yi kuka a kan Aslan, suka ga ɓeraye na gaigayar igiyar da aka ɗaure gawarsa da ita, ba su san ana koya musu komai ba. Manya ne suke ganin ɗinkin, kuma ba don manya aka yi rigar ba.

Abotar ta yi sanyi a shekarun baya, ko da yake ba ta mutu ba. Tolkien bai daina faɗin cewa ba don nacin Lewis ba da bai gama babban littafinsa ba, Lewis kuma ya miƙa sunan Tolkien ga masu ba da kyautar Nobel a 1961.

A 1956 Lewis ya fitar da Till We Have Faces, wanda shi ya ɗauka mafi kyau a ayyukansa, kasuwa kuwa ta yi masa rowa. A nan ya bi hanyar da ta fi kusa da ta abokinsa. Ya ɗauko tsohuwar almarar Cupid da Psyche ya sa ta a bakin yayar Psyche, Orual, sarauniya mummuna mai rufe fuska, wadda ta rubuta littafi guda na ƙarar alloli: sun ƙwace mata wadda take ƙauna, kuma ba sa magana a fili. Da aka ba ta dama ta karanta ƙarar a gabansu, sai ta ji abin da ke fita daga bakinta ba shi ne abin da ta rubuta ba. Ainihin maganar da ke ƙasan ranta ce, ta kishi da son mallaka, wadda ta shafe shekaru tana lulluɓewa da kyawawan kalmomi. Jin muryarta ta gaskiya shi ne amsar da aka ba ta. Mutumin da ya yi suna wajen iya jera hujja a rediyon BBC lokacin yaƙi, shi ne ya rubuta littafi a kan yadda iya magana ke zama maɓoya.

Shekara huɗu bayan haka abin ya zo kansa. Matarsa Joy Davidman, marubuciya Ba'amurkiya da ya aura a makare, ta rasu da ciwon daji a watan Yuli na 1960. Shi da ya rubuta littafi sukutum a 1940 yana bayanin dalilin wahala, ya ɗauki littattafan rubutu da ya tarar a gida ya shiga zuba abin da ke ransa ba tsari. Ya ce ya ƙwanƙwasa ƙofar Allah a lokacin da ya fi bukata, ya ji an rufe an sa sakata. Ya ji tsoron cewa hoton matarsa da ke zuciyarsa yana ta rikiɗa zuwa abin da shi yake so, don ainihin matar, wadda takan musa masa ta ba shi mamaki, ba ta nan balle ta gyara. Daga nan ya gane haka yake yi da Allah. Hotunan da ya kare a gaban masu raina su suna da amfani, amma ba su ne Shi ba, kuma sai an riƙa farfasa su lokaci bayan lokaci, Mai su ne kuma yake fara farfasawa. Bai bar imaninsa ba, bai kuma janye abin da ya ce game da almara ba. Ya dai rage ƙarfin murya.

Ya ba da rubutun aka buga a 1961 da sunan A Grief Observed, amma bai sa sunansa ba, ya sa N. W. Clerk, don kada a karanta shi a matsayin jawabin shahararren mai kare addini. Sai bayan rasuwarsa ranar 22 ga Nuwamba, 1963, aka sake buga shi da sunansa na gaskiya. Kafin nan, an ruwaito cewa wasu daga cikin abokansa, ganin irin baƙin cikin da yake ciki, sun yi ta ba shi shawarar ya nemi littafin wani Clerk ya karanta, wai zai taimake shi.